Yadda za ka auna labarin yaƙi kafin ka ce "a kai masu hari"

Duk wanda ke zama majalisar shayi a Sakkwato ya san yadda gardamar tarihi ke tashi, wannan ya ce haka aka yi wancan ya rantse ba haka ba ne, daga nan sai wani ya ce ai maganin ƙasa kaza soja kawai. Ga yadda nake bi, kuma wallahi yana rage min saurin yanke hukunci.

Fara da tambayar waye ya rubuta, kuma me ya samu da rubutun. Ɗauki zuwan Turawa a 1903. Lugga, jagoran Turawan Ingila a Arewa, ya kafa hujja da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko a 1902 wai shelar yaƙi ce, to amma akwai masana tarihi da ke shakkar wasiƙar, ka ga wanda ya ci yaƙin shi ne ya riƙe alƙalami. Har cikin gida labarin ya rabu biyu, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira bayan faɗan Giginya har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari kuwa ya zauna ya yi sulhu don jama'ar da suka rage, kowanne da hujjarsa ta addini, don Allah kar ka zagi ɗaya kafin ka ji ta bakinsa.

Sai ka nemi maganar abokin gaba daga bakinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya saka wasiƙun da suka yi musaya da Shehu El-Kanemi na Borno cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, har da sukar da El-Kanemi ya yi wa masu jihadin Sakkwato. In kana gari ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu.

In aka zo kan yaƙin yau kuma, tambayi me aka gwada kafin bindiga. Amurka ta shiga Iraƙi a 2003 da sunan makaman ƙare dangi, ba a same su ba. Bakasi fa? Najeriya da Kamaru kotun duniya suka je, hukunci ya fito 2002, aka miƙa wa Kamaru yankin 2008, ya yi mana ciwo amma ba a yi yaƙin ƙasa da ƙasa ba.

Takunkumi ma a auna shi, ba kyauta ba ne. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 da ECOWAS ta yi barazanar tura soja aka rufe boda aka yanke wuta, ɗan kasuwar Illela da na Ƙonni su suka fara shan wuya alhali 'yan uwan juna ne, auratayya ce tsakani. Abin da ya buɗe ƙofar magana shi ne tafiyar Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar zuwa Yamai, da tawagar malamai da suka zauna da Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin. In mutum ya ce sai yaƙi, ka ce ya lissafo maka garuruwan bakin boda da harsashin farko zai faɗa wa.