Babi na 6: Katangar Gida da Dokar Gari

Darasi na 1: Izini

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Tun 1978 doka ta sa filayen birni a hannun gwamnan kowace jiha, shi ya sa kowace jiha take da hukumarta. Nan Birnin Kebbi, KUDA, wato hukumar raya birane ta jihar Kebbi, ita ce ke duba zanen gini ta ba da izini. A Gusau wata hukuma ce daban. Don haka kada wani ya ce, "Ai ƙanena na Gusau haka ya ja tasa katangar." Izinin ƙanenka ba naka ba ne. Ka ɗauki takardar filinka ka je ofis, ka tambayi tazarar da za ka bari tsakanin katanga da hanya, a rubuta maka ita.

Darasi na 2: Awo

Nan ne ake tuntuɓe, mu tafi a hankali. A kowace kusurwa ta fili akwai ɗan siminti da ma'aunan ƙasa suka kafa, shi ne bikon. Ka nemo dukansu kafin a haƙa tushe. In ƙasa ta rufe ɗaya, ka tono shi. In ya ɓata, a kira ma'auni, kada a yi kintace.

Daga bikon ake fara awo. Ba daga bakin kwalta ba, ba daga katangar maƙwabci ba, don wataƙila shi ma ya kauce. Ku maimaita: daga bikon.

Yanzu ɗauki tef. Lambobinsa iri biyu ne, na ƙafa da na mita. Mita ɗaya ta ɗan fi ƙafa 3. Filin da muke cewa 50 da 100, ƙafa ake nufi, wato kusan mita 15 da mita 30. Dubi takardarka. In ka ga ƙaramin "m" bayan lamba, mita ce. In ka ga "ft", ƙafa ce. Ɗora yatsa a kan harafin, ka faɗe shi da ƙarfi, sannan ka ja tef. Wanda ya rikice ya sake, ba abin kunya ba ne.

Amma haba jama'a! Sati uku muna wannan, jiya kuma na tarar da masu awo daga sandar lantarki. Wa ya ce muku sanda iyaka ce? Bulo inci 9 da siminti kuɗi ne, ranar da aka shafa wa katanga jan fenti ba mai biyanku. Daga ina ake farawa? Daga bikon. Wane harafi za a duba? "m" ko "ft".

Darasi na 3: Maƙwabci

Ranar kafa turaku da jan igiya, kira maƙwabci da mai unguwa su gani da idonsu.

Darasi na 4: Ruwa

Kada katanga ta toshe magudanar ruwa. A bar wa ruwan damina mafita ta ƙasa.

Aikin gida: rubuta tsawo da faɗin filinka, da harafin da ke bayan kowace lamba.