Idan an hana ka diyyar rauni a Abuja

Yawancin 'yan'uwanmu da ke shigowa Abuja daga Maraɗi, Damagaram da Ƙonni aikin ƙarfi suke fara kamawa: leburanci a gine-ginen Guzape da Katampe, fasa dutse a Mpape, lodin katako a Dei-Dei, ko gadi. Irin wannan aiki ba ya rabo da rauni. Da mutum ya faɗo daga bene ko inji ya kama masa hannu, sai ka ji ana "ƙaddara ce, a yi haƙuri", ɗan kwangila ya miƙo kuɗin mota, a tura shi gida. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta soke haƙƙi, kuma wannan sallama tana ci mini rai.

Nijeriya tana da dokar diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ce ke riƙe da asusun diyyar. Mai ba da aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma an hana shi cirewa daga naka. Dokar ta shafi masu aiki a cikin Nijeriya, har ɗan wucin gadi da mai koyon sana'a da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Ko an sa ka dangwala hannu a kan cewa ka yafe diyya, wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi a idon doka.

Ka sanar da heluma ko manaja cikin kwana 14 da jin raunin. Shi mai ba da aikin kwana 7 ke gare shi ya kai rahoto hukuma. Takardar neman diyya kuwa a shigar kafin shekara ta zagayo.

To, ka yi duk wannan, sai ga wasiƙa cewa an ƙi, ko an yanka maka abin da bai kai ba. A nan mutanenmu ke karaya, alhali ƙofa ba ta rufe ba. Sashe na 55 na dokar ya ba ka kwana 180 ka rubuta wa hukumar ta sake duba hukuncinta. Ɗan'uwa, duba saman wasiƙar da kyau: daga ranar hukuncin ake fara ƙirga, ba ranar da takardar ta shigo hannunka ba. In wa'adin ya wuce, damar ta tafi. Wata shida kamar da yawa, amma mai jinya da ya koma ƙauye ya tarar da damina, kafin ya waiwayo sun ƙare.

Kada ka rubuta kukan talauci kawai. Nemi mai Turanci ya karanta maka dalilin da suka bayar, shi za ka amsa. In sun ce ba a bakin aiki abin ya faru ba, kawo sunayen abokan aikin da suka ɗauke ka, da saƙon banki na biyan albashi in akwai. In sun raina raunin, koma wurin likita ya rubuta dalla-dalla: yatsa nawa ne ba sa lanƙwasawa, ko kafaɗar za ta sake ɗaukar bulo. Ina girmama masu ɗori, sun tashi mutane da yawa, sai dai ba sa ba da takarda. Ko can za ka je, fara biyawa asibiti a ɗauki hoton ƙashi, ka adana shi da katinka da rasit.

Ranar miƙa takardar, tafi da kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. In tafiya gida ta zama dole, kada ka bari layinka na Nijeriya ya mutu, kuma ka bar amintacce a nan yana bibiya.

Ita ma hukumar kwana 180 doka ta ba ta ta yanke magana. In har yanzu ba ka gamsu ba, sai ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke zama a Garki. Nan kam sai da lauya, kuma kafin ka yarda da kowa, ku zauna gaban shaidu ku rubuta nawa zai karɓa da lokacin da zai karɓa.