Kafin ka je gidan adana takardu neman tarihin danginka

'Yan'uwa, duk mai shirin tafiya don bin diddigin kakanninsa, ya tuntuɓi gidan adana takardun tarihi tun yana gida. Galibi takardun na can cikin rumbu, sai ka ba da lambar fayil a ɗauko maka, wani lokaci sai washegari. Ku duba kundin jerin takardun gidan a intanet, ku rubuta lambobin. Ku tabbatar da ranakun aiki ma: babban gidan adana takardu na Birtaniya da ke Kew, a Landan, ba ya buɗewa Lahadi da Litinin, kuma sai da katin mai karatu ake taɓa takardun asali.

Ku tafi da katin shaida da fensir, don yawanci ba a yarda da biro.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne sunaye. Magatakardan zamanin da, yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, don haka suna ɗaya kan fito ta siga uku. Ku gwada kowace. In an ba da izinin hoto, fara ɗaukar bangon fayil mai lamba, sannan shafukan ciki. Kuma ku gaya wa ma'aikacin wurin sunan ƙauyen da shekarun da kuke nema, ya fi ku sanin lungun da suke.