Kana da digiri mai 2:2 amma kana son aiki a bankin zuba jari? Ga ta inda za ka bi

Da farko bankin zuba jari ba shi ne wanda kake zuwa cire kuɗi ba fa. Su aikinsu taimaka wa kamfani ko gwamnati wajen tara kuɗi, ko ta sayar da hannun jari ko takardun bashi, in kuma wani kamfani zai sayi wani, su ne masu lissafin farashi da shirya cinikin. A Najeriya kusan duk a Legas suke, irin su Stanbic IBTC Capital, Chapel Hill Denham, United Capital, CardinalStone, Vetiva da Afrinvest. Lokacin da MTN Najeriya ta shiga kasuwar hannun jari a 2019, ko BUA Foods a 2022, irin waɗannan gidajen ne suka yi ɗawainiyar takardun.

Manyan cikinsu yawanci 2:1 suke nema, wasu har da iyakar shekaru, in ka cike fom a shafinsu da 2:2 sau da yawa tun a tacewar farko za a ajiye ka kafin ma wani ya karanta sunanka. Don haka kar ka ƙare wata shida kana ta tura CV ta wannan ƙofar kana jin haushin kanka. In har yanzu kana aji biyu ko uku, to ka dage, a ma'aunin maki 5 daga 3.50 ake shiga 2:1, wanda yake 3.1 in ya zage damtse zai iya kamowa. In kuma bakin alƙalami ya riga ya bushe, sai ka kawo abin da zai sa a manta da makin.

Abin nan shi ne aikin da ka yi da hannunka, kuma nan nake so ka fi ba ƙarfi. Ka sauke rahoton shekara-shekara na kamfani ɗaya, misali Dangote Cement, kyauta ne a shafinsu, ka ɗauko na shekara biyar ka zuba a Excel da kanka: kuɗin shiga da riba, kadarori da basussuka, da yadda tsabar kuɗi ke shiga da fita, ka haɗa ukun har su daidaita, za su ƙi daidaita sau da yawa kuma a wajen neman kuskuren ne za ka koyi aikin na gaskiya. Daga nan ka yi hasashen shekara biyar masu zuwa, ka fitar da abin da kake ganin ya kamata hannun jarin ya kai, ka rubuta shafi biyu kana kare hujjarka, me faɗuwar naira ta yi musu, me tsadar gas ta yi musu. Wallahi ɗalibai da yawa masu 2:1 ba su taɓa yin wannan ba.

Sai jarabawar ƙwararru. CFA ta masu nazarin harkar zuba jari mataki uku ce kuma ana girmama ta sosai, amma da dala ake biya, sai dai suna da tallafin rage kuɗi, ka nema. In aljihu bai kai ba akwai CIS ta dillalan hannun jari ko ICAN ta akantoci, da naira ake biyan su.

Bautar ƙasa ita ce babbar damarka. Ƙananan kamfanonin dillanci da na ba da shawara sun fi sauƙin ɗaukar ɗan bautar ƙasa, alawus ɗin kaɗan ne kuma haya a Legas ba wasa ba ce, ka nemi wajen ɗan uwa tun da wuri. A LinkedIn kar ka tura wa shugaban kamfani, ka nemi ma'aikacin da ya shekara biyu ko uku, ka gaishe shi da ladabi, ka haɗa masa aikin nan naka ka roƙe shi ya duba ya gyara maka. Kar ka fara da "a taimaka min da aiki".

Na san wasu riba, wato kuɗin ruwa, ce ke damunsu, kuma damuwa ce ta gaske. To ka karanci sukuk, wato takardun tara kuɗi na tsarin Musulunci da ba ruwansu da kuɗin ruwa. Jihar Osun ta fitar a 2013, gwamnatin tarayya ta fara nata a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, kuma akwai irin su Lotus Capital da bankunan Jaiz da TAJ da ke wannan layin. Wanda ya san ijara (haya) da murabaha (sayarwa da ƙarin da aka amince a kai) tun daga islamiyya kuma ya iya Excel, ba su da yawa a Legas.

Ranar intabiyu za a tambaye ka makin. Kar ka ɗora wa malamai ko yajin aikin ASUU, ka amsa a jimla ɗaya cewa ka yi sakaci a farko, sannan ka ce ka zo da lissafin kamfanin da ka yi, ko za a ba ka dama ka nuna. Ka tafi da shi a buge a takarda, kwafi biyu ko uku.