Yadda ake gwada manhaja a takarda kafin a taɓa kwamfuta

Matasa da yawa masu koyon rubuta manhaja a nan Zariya suna kwashe watanni suna gina abin da suka ce zai taimaki 'yan kasuwa, daga baya a rasa mai shago ɗaya da ya yi sati yana aiki da shi. Yawancinsu sun iya aikin. Matsalar ita ce an gina abin a ɗaki a Samaru, an gwada shi a hannun abokan karatu masu manyan wayoyi, shi kuwa wanda aka yi dominsa sai ranar ƙarshe ya gan shi. Zan yi misali da manhajar rubuta bashi, amma hanyar ɗaya ce ko ta adashi ce ko ta tuna wa mara lafiya lokacin shan magani.

Kafin ka zana komai, je ka zauna a shagon mutum ɗaya a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, daga hantsi zuwa azahar. Bar takardar tambayoyi a gida. Ka nemi izininsa ka leƙa littafin bashinsa, kuma kada ka ɗauki hoto, sirrin mutane ne a ciki. Za ka ga bai rubuta sunan yanka da sunan mahaifi ba, sai "mai shayin bakin tasha" ko "Maman Abba". Awonsa mudu ne da tiya da buhu, babu kilo. Wani da ajami yake rubutu. Lura da hannunsa, ko akwai manja ko gari a jiki, da yadda rana ke dukan fuskar wayar, da sau nawa ake katse shi kafin ya gama layi ɗaya. Idan manhajarka ta fara da neman imel, tun daga nan ta faɗi.

Sannan ka dawo ka yanka kwali daidai girman waya, ka zana kowane shafi a kwali guda da maka, wato alƙalami mai kaurin rubutu. Kwali da maka ba su kai kuɗin datar da za ka ƙona a Figma, manhajar da ake zana shafukan manhaja da ita, ba, kuma ni ban yarda a buɗe Figma a wannan mataki ba, domin abin da ka ɓata dare kana ƙawata shi ba za ka so ka yaga ba. Ayyuka uku sun isa: rubuta sabon bashi, rage abin da aka biya, duba nawa ake bin wane.

Gwajin shi ne inda kusan kowa ke zamewa, kuma dalilin a al'adarmu yake. Bahaushe yana da kara. Ka zo masa da abin da ka sha wahala a kai, ka tambaye shi ko ya yi, zai ce "Masha Allah, ya yi kyau, Allah ya sa albarka", ko da bai gane komai a ciki ba. Ba yaudararka yake yi ba, kunyarka yake ji. Yaro ya koma da murna ya rubuta cewa masu amfani sun gamsu. Saboda haka kada ka tambayi ra'ayi ko kaɗan. Ba shi aiki. Ka ce, "Alhaji, a ce mai shayi ya karɓi sukari mudu biyu bashi yanzu, nuna min inda za ka taɓa." Ya taɓa da yatsa, kai kuma ka sauya kwalin zuwa shafin da zai fito, kamar kai ne wayar.

Daga nan ka kama bakinka. Wannan ya fi komai wuya. Zai tsaya yana kallon kwalin, hannunka ya riƙa ƙaiƙayin nuna masa. Da zarar ka ce "nan za ka danna", gwajin ya lalace, don ranar da zai yi aiki da ita ba ka wurin. Idan ya tambaye ka, ka ce, "Kai a ganinka ina ne?" Tun farko kuma ka shaida masa cewa kwalin ake jarrabawa, ba shi ba, kuma duk inda ya tsaya laifin zanen ne. Dattijo ba ya son ya ji kunya a gaban yaran shagonsa, don haka ka zaɓi lokacin da babu taro. Wasu masu gwaji ma sukan ce wani ne ya zana, an aiko su ne kawai, don mutum ya saki jiki. Ni na fi son a faɗi gaskiya, a ce aikin bai kammala ba, gyara aka zo nema.

Ku je ku biyu, ɗaya yana juya kwali, ɗaya yana rubuta inda yatsa ya tsaya da abin da mutum ya furta. Idan matan da ke sana'a a cikin gida kake so, kamar masu ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula a cikin birni, to dole mace ce za ta shiga. Ta kuma tambayi wayar ta waye ce, don sau da yawa ta maigida ce ko ta ɗa, kuma wannan ya shafi wanda zai ga lissafin kuɗinta.

Ba ka buƙatar mutum hamsin. Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya nuna a shekarar 2000 cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma gwaji uku da mutum biyar-biyar ya fi gwaji ɗaya da mutum 15. Ka gwada da biyar, ka gyara kwalin, ka nemi wasu biyar daban. Alamomin da ka saba da su, irin gilashin bincike da layukan nan uku na kusurwa, za ka ga da yawa ba su san ma ana taɓa su ba. Sa kalma a ƙarƙashinsu, ko murya, tunda saƙon murya na WhatsApp kowa ya iya shi. Kuma ka sayi wani abu a shagon ko ka sa masa kati, ka cinye masa lokacin ciniki.

Sai bayan zagaye na uku za ka rubuta manhajar. Ka sa ta yi aiki babu data, ta adana a waya, ta aika idan sabis ya dawo. Gwada ta a kan tsohuwar Itel ko Tecno mai fasasshen gilashi, a tsakar rana. Manyan maɓallai, da hanyar soke kuskure a taɓawa ɗaya. Idan mutanenka masu ƙaramar waya mai tocila ne, ka yi tunanin USSD, wato lambobin nan da ake dannawa irin na duba kuɗin kati, tun yanzu. Kada nauyinta ya yi yawa, domin akasari da Xender za a tura wa juna ita. Bayan sati biyu ka koma shagon ba tare da sanarwa ba, ka duba ko bashin jiya a waya aka rubuta shi ko a littafi.