Idan yaro ya kwanta a ƙasar waje: kurakuran da muka fi yi

A Zariya, jikin yaro ya yi zafi da tsakar dare ba a rasa madafa. Ga mai kemis a bakin layi, ga maƙwabciya nas, in abin ya ci tura a tari a-daidaita-sahu a nufi asibitin Shika ko na Ƙofar Gayan. Da na bi maigidana Ingila lokacin da ya tafi ƙaro karatu daga Samaru, sai na tarar duk wannan babu. Likita sai da layi, kemis ba ya sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita. Yanzu da muka dawo, duk mai shirin tafiya da ta zo min sallama, wannan zancen nake fara yi mata kafin na daddawa da kuka.

Kuskuren farko tun yaro na lafiya ake yin sa: jinkirin yin rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kyauta ne, ki yi shi a makon da kika sauka, ki tafi da katin rigakafin yaran. Ki haddace lambobi biyu: 111 don shawara dare da rana, har tafinta za ki iya nema, da 999 in rai na cikin haɗari.

Wanda ya fi cin min rai kuwa shi ne rashin faɗin inda aka fito. Mun je gida Babbar Sallah, mun koma da mako uku, ɗana mai shekara biyu ya fara zazzaɓi. Kwana biyu ina ɗura masa farasitamol, zafin ya sauka ya sake hawa. Likitar da ta duba shi ta leƙa kunne da maƙogwaro, ta ce mura ce za ta wuce. Har na saɓa shi a kafaɗa na ce, ai ni da a gida ne da na ce sauro ne, don kwanan nan muka baro Najeriya. Nan take ta ajiye biro, ta tura mu asibiti a ɗebi jini. Zazzaɓin cizon sauro ne. Ba cutar ƙasarsu ba ce, in ba ki ambaci tafiya ba hankalinsu ba zai je can ba, alhali tana iya bayyana makonni, wani lokaci watanni, bayan dawowa. Yaron da ya tashi a waje kuma jikinsa bai saba da ita ba, ta fi saurin kayar da shi. Don haka ki fara da wannan tun kafin a tambaye ki. Haka in yaron mai sikila ne: zafi ya kai digiri 38 a ma'auni, asibiti kai tsaye, ba jiran gari ya waye. Jaririn da bai kai wata uku ba ma hukuncinsa ke nan.

Wannan 38 ɗin kuwa bayan hannu ba ya gane ta. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, ki riƙa rubuta lokaci da lamba, da yawan amai ko gudawa, da sa'ar da ya yi fitsari na ƙarshe. Wanda zai amsa wayarki ba ya ganin yaron, "jikin dai ba daɗi" ba ta isar da saƙo.

Sai awon magani. Mun saba da "cokali ɗaya", alhali cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Farasitamol na ruwa ma ƙarfi biyu ne a can, mai miligiram 120 da mai 250 a kowane mililita 5, wanda ya ɗauki na babba ya ba ƙarami ya ninka masa. Ki bi abin da ke jikin kwalba da sirinjin da ke cikin kwali, tazarar aƙalla awa 4, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Hodar ciwon kai da aka cusa a jaka daga gida, ki duba: in da asfirin a ciki, ba ta ɗan ƙasa da shekara 16 ba ce. Zuma ma a ɗaga wa jariri ƙafa sai ya cika shekara.

Hajiya za ta kira ta ce haƙori ne, a lulluɓe shi da bargo kada sanyin Turai ya kama shi. Ki ce "to, Hajiya", ki yi mata godiya, amma haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai tsanani ko gudawa ba ƙaƙƙautawa, bargo kuma ƙara wuta yake. Kaya marasa nauyi, nono da ruwa akai-akai. In gudawa ce kuma babu haɗin ruwan gishiri da sukari na kemis a kusa, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

In jijjiga ta zo, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura komai. A kwantar da shi ta gefe, a duba agogo. In karon farko ne, ko ta wuce minti 5, a kira 999. Haka in haƙarƙari na lotsawa wajen numfashi, ko wuya ya sanƙare, ko ya ƙi farkawa sosai, ko ƙuraje sun fito waɗanda ba sa dushewa in an danna su da kofin gilashi. A fatarmu ba sa nunawa da wuri, sai ki duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da dasashi.