Yadda Ake Raba Ruwan Rani a Bakin Galma Ba Tare da Rigima Ba

Damina ta koma zubar da ruwa mai yawa cikin 'yan kwanaki, sannan ta ɗauke, shi ya sa rafukan da ke shiga kogin Galma na yankin Zariya ke ja baya tun watan Fabrairu. A lokacin ne na gangare ke cewa na sama sun tare musu ruwa. Irin wannan ƙorafi ne mutanen Maraɗi ke yi kan dam ɗin Jibiya, ko da yake Nijeriya da Nijar sun sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri tun 1990. Galibi abin da ke hura wutar shi ne ba wanda ya auna ruwan.

To, ku auna. A sami wuri miƙaƙƙe a rafin, a gwada tsawon mita 10. A jefa gorar roba mai rabin ruwa, a ƙirga daƙiƙar da za ta yi kafin ta kai ƙarshe. A ce faɗin ruwan mita 2 ne, zurfinsa santimita 25, gorar ta yi daƙiƙa 40. A ninka faɗi (mita 2) da zurfi (mita 0.25) da gudu (mita 10 a raba da daƙiƙa 40, wato 0.25), sannan a ninka da 1,000 don a mayar da shi lita, a cire kashi ɗaya cikin biyar domin ruwan ƙasan rafi bai kai na samansa sauri ba. Za a sami lita 100 a daƙiƙa. Injin ban ruwa mai inci uku kan ja wajen lita 11 a daƙiƙa, ke nan injina 9 a tare za su ƙafar da rafin. A tsaya a 6, sauran ruwan na gangare ne da dabbobi.

A maimaita awon duk mako biyu a gaban wakilin na gangare, ardo da sarkin noma, a rubuta. Awon da ɓangare guda ya yi shi kaɗai ba ya kashe gardama.

Kwanakin ban ruwa kuwa, a fara da na gangare. Kowa ya yi da asuba ko yamma lis, don ruwan tsakar rana iska ce ke kwashe shi. Duk wanda ya datse rafi da buhunan yashi cikin dare ya rasa kwanansa na gaba. Dagaci ya san da wannan sharaɗi tun kafin a dasa tumatir.

Mashaya da burtali a kafa musu turaku tun Nuwamba. Da zarar albasa ta hau kan hanyar shanu, sai dai maganar diyya.